Sipika Ɗaya Ta Yi Shiru? Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar Amfilifaya da Wayar Hannu

A gidajen kallon ƙwallo da shagunan caji na Batsari, Ruma da Safana, ba a rasa tsohuwar amfilifaya irin su Pioneer, Sansui ko Kenwood, waɗanda kamfanonin Japan suka ƙera tsakanin 1970 da 1990. Ciwon da ya fi kama su ɗaya ne: ɓangare guda yana waƙa garau, ɗayan yana ƙarar-ƙarar ko ya yi tsit. Daga nan sai mai ita ya fara lissafin kuɗin mota zuwa Katsina, a kan hanyar da ba a binta sai da dalili, ko ya sayar da ita ga 'yan gwangwan. Alhali sau da yawa a gida ma ana iya gano matsalar.

Amfilifayar sitiriyo na'ura biyu ce a akwati ɗaya, hagu da dama, masu shan wuta daga taransifoma guda. Tunda ɓangare ɗaya yana aiki, taransifoma lafiyarsa lau. Ɓangaren mai lafiya kuma shi ne ma'auni, domin duk abin da aka gwada a can, dole a sami irinsa a nan.

A fara daga waje

Ana kashe na'urar, a musanya wayoyin sipiku biyu a bayanta. Idan shirun ya bi sipikar, to ita ce ko wayarta ke da laifi. Idan ya tsaya a ɓangarensa, sai a koma kan igiyar shigar da sauti.

A nan wayar hannu take da rana. Akwai manhajojin kyauta masu fitar da sauti ɗaya tsayayye, kamar na hez 1,000, ta hagu kaɗai ko ta dama kaɗai. Da igiya mai kan milimita 3.5 da kawunan RCA biyu, ja da fari, ana tura sautin, sannan a musanya kawunan. Idan matsalar ta sauya ɓangare, igiyar ce ta tsinke daga ciki.

Ƙurar hunturu

Idan laifin na cikin akwati ne, ƙura ake fara tuhuma. Tana shiga maɓallin ƙara murya, da na Balance, da na Tape Monitor, wanda sauti ke bi ta cikinsa ko ba a amfani da kaset. Alamarta ita ce sauti ya dawo in an murɗa ko an danna. Maganinta feshin wanke maɓallan lantarki, a murɗa sau talatin ko fiye. Man inji da fetur ɓata su suke yi.

Idan kuwa ɓangaren ba ya farkawa sai an ƙure murya, yawanci bakin rile ne ya yi datti, wato ɗan makunnin da ke cewa "ƙas" jim kaɗan bayan an kunna.

Inda mita ke shigowa

Ana cire sipiku, a mayar da murya sifili, a sa mita a kan DC, a auna wurin ɗaura wayar sipika. Ƙasa da milibolt 50 lafiya ce. Idan mita ta nuna bolt da yawa, yawanci taransistocin ƙarshe ne suka ƙone, kuma duk sipikar da aka jona za ta bi su.

Abin da ke kashe su sananne ne. Sipika mai om 8 guda biyu a baki ɗaya sun zama om 4, guda uku kuma kusan 2.7, nauyin da yawancin waɗannan na'urori ba su iya ɗauka. Sai kuma ɗaure fis da waya ko takardar sigari, wanda ke mayar da ƙaramin gyara babba.

Daga nan aikin na mai gyaran rediyo ne. Manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko bayan an zare soket, ga kuma bolt 230 a kusa da taransifoma. Gwanin mai gyara zai auna ɓangarorin biyu ya kwatanta, ya sake like dalmar da ta tsage, ya canza kafasitocin da suka bushe. Zai yi hattara da jabun taransista irin su 2SC5200 da 2SA1943 da suka cika kasuwa. Kafin ya ba ta wuta kai tsaye, zai bi da wutar ta cikin kwan lantarki mai zare na wat 60 ko 100: kwan ya haska ya dushe, an dace, ya tsaya da haske, da sauran aiki.

Wanda ya je wurin mai gyara yana cewa "ɓangaren hagu ne, na musanya sipika da igiya, mita ta nuna bolt 30" ya rage wa kansa kuɗi da zirga-zirga. Bayan gyara kuma, ƙaramar na'urar Bluetooth a bakin AUX ta isa ta haɗa amfilifayar da ta girmi mai ita da wayar da ke aljihunsa.