Ƙullutun da ba ya ciwo: saƙon ƙanwata kan sankarar nono



'Yan uwa, yau ba haɗin magani na zo da shi ba. Magana ce a kan sankarar nono, wadda muka fi sani da daji, kuma da izinin ƙanwata nake yin ta, don ita Allah ya jarraba da ita shekara shida da suka wuce, kuma ya tashi kafaɗunta.

Tana wanka ta ji ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a nononta na hagu, ta wajen hammata. Ba zafi, ba kumburi. Ta ce tunda ba ya ciwo ai ba komai, ta yi shiru wata biyu. Da ta gaya mini, sai na ba ta abin da na saba bayarwa: habbatus sauda, zuma, man zaitun na shafawa, ga tofi safe da yamma. Muka ƙara cinye wata uku a haka, ƙullutu ya kusa girman goro. Wannan kuskurena ne, ba zan ɓoye shi ba. Babbar 'yarta ce ta kafe sai an je asibiti. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama da allura aka kai awo, likita ya ce sankara ce, mataki na 2 cikin 4. An cire nonon, ta sha ruwan kemo har sumarta ta zube, aka yi mata gashi da na'ura, sannan ta yi shekara biyar tana shan ƙwaya. Yau ga ta tana aurar da 'ya'ya. Ta ce mini: “Yaya Malam, ka gaya wa mata, rashin ciwon nan shi ya yaudare ni.”

To mece ce cutar? Ƙwayoyin halitta ne, galibi na hanyoyin da ruwan nono ke bi, suke lalacewa su dinga hayayyafa ba tsayawa. Da farko suna wuri ɗaya, a lokacin ne ake iya cire su gaba ɗaya. In aka bar su sai su bi ta kaluluwar hammata, daga nan su kai ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan miliyan 2.3 aka samu da ita, kimanin 670,000 suka rasu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi yawa a mata. Maza ma tana kama su, sai dai kaɗan ne ƙwarai.

Kowace mace ta duba kanta sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar haila, lokacin da nono ya saki. Wadda ta daina haila ta zaɓi rana ɗaya, misali ranar da aka ga wata. Ta tsaya gaban madubi ta ɗaga hannuwa ta duba, sannan ta kwanta ta bi nonon da cikin yatsu uku, har hammata. Abin da ake nema: ƙullutu ko tauri, lotsawar fata ko ta yi kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini ko wani ruwa yana fita ba shayarwa ake ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, kada hankali ya tashi. Amma yatsana da naki ba sa bambancewa, awo ne ke bambancewa. Wadda ta haura 40, ko mahaifiyarta ko 'yar uwarta ta yi cutar, ta tambayi likita game da hoton nono na mamogiram ko da ba ta ji komai ba.

Sai maganar da ta fi kashe mana mata: wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Ni ma na taso ina jin haka. Abin da ke faruwa shi ne, ba a zuwa asibiti sai cutar ta riga ta yaɗu, a yi aiki, mace ta rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifin da jinkiri ya yi. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'ab likita, ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Ga kuma Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Musulmi na Andalus da ya rasu wajen 1013. A littafinsa At-Tasrif ya bayyana cewa sankara irin ta nono ana cire ta tun tana ƙarama, amma wadda ta daɗe ta girma, shi kansa bai taɓa warkar da ita ba. Shekara dubu ke nan! Don haka duk mai maganin da ya ce miki kada ki yarda a taɓa ki, shi zai narkar da ita da garin magani, ki guje shi, ko da ni ne. Addu'a da ruƙya a ci gaba da su, amma a asibiti ake cire cutar. In an fara kemo kuma, kada a sha wani jiƙo sai likita ya sani, don wasu itatuwan suna rikita aikin maganin.

Magidanta, saura ku. Nuna wa likita al'aura saboda lalura ya halatta. A nemi likita mace, in babu, namiji ya duba kana wurin. Kada ka hana ta fita, kada ka ce a bari sai an sayar da amfanin gona. Ƙanwata ta ce a layin kemo ta haɗu da matan da tsoron kishiya ko saki ya sa suka ɓoye ciwon har ya fashe. Ita kuwa mijinta, Allah ya saka masa da alheri, shi ke wanke mata wurin ɗinki da hannunsa.

Wanda matarsa ko mahaifiyarsa ba ta da waya, ya karanta mata wannan saƙo yau da daddare. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.