Bayan Kotu Ta Kori Ƙara: Mutuncin Ƙungiyoyin Hausawa a Sabo da Ojoo

Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na Hausawan Ibadan, tun daga kwamitin masallaci da na makarantar Islamiyya har zuwa na 'yan kasuwa da 'yan dako, ba su da jarin da ya wuce amana. Da ita ake karɓar kuɗin mako, da ita ake tara gudummawar jinya ko ta jana'iza. Shi ya sa idan aka maka ɗayarsu a kotu kan kuɗi ko fili ko shugabanci, ko da alƙali ya kori ƙarar, maganar ba ta mutuwa a unguwa ranar da ta mutu a kotu.

Tushen wannan yana cikin tarihin Sabo. An kafa unguwar a 1916, ta zauna a kan fataucin goro da shanu. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a can a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda bafatake zai damƙa garkensa ga maigidan da ya sauke shi, dillali ya sayar wa mahauta Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu. Abin da ke riƙe da cinikin shi ne sanin halin kowa. Wanda aka ji ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan bi hanyar fatake har Arewa. Rigima kuwa a gaban masu gida da malamai da Sarkin Hausawa ake kashe ta.

Abubuwa da dama sun sauya. Jama'a ta yi yawa, ta bazu daga Sabo ta kusa da Mokola zuwa Bodija, da kuma Ojoo da Sasa na Ƙaramar Hukumar Akinyele, kowane wuri da shugabanninsa, babu fada ɗaya da maganarta ke ɗaure kowa. Sannan ƙungiyar da ke son asusun banki da sunanta, ko tallafin gwamnati, sai ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta naɗa amintattu. Rajistar kan ba ta ikon mallakar fili da shigar da ƙara, ta kuma buɗe ƙofar a kai ta ƙara. Dokar kamfanoni ta 2020, a sashe na 839, har ta tanadi hanyar dakatar da amintattu idan aka sami almundahana. Akwai kuma nauyin da ke faɗo wa shugabanni lokacin masifa. Bayan rikicin kasuwar Sasa na Fabrairun 2021, da aka ƙone shaguna da gidaje har gwamnonin Arewa suka je jaje, dole aka buƙaci masu rubuta sunayen waɗanda suka yi asara. Irin wannan aiki, ko a hannun mutumin kirki, yakan bar wani yana jin an tsallake shi.

Korar ƙara kuma ba iri ɗaya ba ce, a nan ne yawancin ruɗanin yake. A wata, alƙali kan saurari shaidu, ya duba takardu, ya ce zargin ba shi da tushe. Wata kuwa ba a ma taɓa gundarin maganar ba: an kai ta kotun da ba ta da hurumi, ko mai ƙara ba shi da ikon shigar da ita, ko lauyansa ya daina zuwa. Irin ta biyu sau da yawa ana iya sake shigar da ita. Shugabanni kan fito su ce kotu ta wanke su, masu ƙara su ce ai ba a buɗe littafin kuɗi ba. Mai sauraro a teburin mai shayi ba shi da kwafin hukunci, kuma da Turancin lauyoyi aka rubuta shi. Ranar da sammaci ya iso, saƙon murya ya zaga WhatsApp kafin magariba. Ranar kora, bayan shekara biyu ko uku ana ɗage zama, ba kowa ke bin sawu ba.

Illar ba ta zuwa da hayaniya. Alhajin da ya saba aiko da buhunan shinkafa da azumi ba zai ce ya daina ba, sai ya ce kasuwa ta yi nauyi bana, ya kuma raba da hannunsa a ƙofar gidansa. Mai karɓar kuɗin mako ya zaga rumfuna, a ce ya dawo gobe. Kuɗin lauya ya riga ya ci abin da aka tara don marayu, su ne kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Mai ƙara ma ba ya tsira: a wurin baƙi mazauna garin wasu, ana ganin wanda ya kai ɗan'uwa kotu ya fitar da sirrin gida waje. Yarbawan da ake zaune da su suna da karin maganar cewa ba a dawowa daga kotu a ci gaba da abota. Wannan kunyar tana da nata haɗarin, don takan rufe bakin mai ƙorafi na gaskiya.

Duk da haka tsoron kotu ya koya wa wasu kwamitoci abin da wa'azi bai koya musu ba: rasit mai lamba, mutum biyu ko uku masu sa hannu a banki, rubuta abin da aka zartar a kowane taro. Ƙungiyar da ke da waɗannan ita ce ke iya farfaɗowa. Hanyar da ta fi dacewa da jama'ar Sabo ita ce a tara mutane bayan sallar Juma'a, a fassara hukuncin da Hausa ba ƙari ba ragi, ma'aji ya karanta shiga da fita, a bar wanda ya kai ƙarar ya yi tambaya, dattawa su shiga tsakani. Gaggawar shelar nasara kuwa kuskure ce, domin wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na babbar kotu ba yana da wata uku na ɗaukaka ƙara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara tana da mazauni a cikin Ibadan.