Tayar da Naƙuda Kafin Ta Zo da Kanta: Abin da Ya Inganta da Abin da Bai Inganta Ba

A wani taron suna da aka yi a Dungu, unguwar nan ta kudancin Tamale da ke kan hanyar Kumasi, inda Jami'ar UDS take da mazauni, ina zaune a zaure bayan an shafa fatiha sai na jiyo muhawara ta kaure a cikin gida, kuma asalinta wata yarinya ce mai cikin fari wadda malamar awo ta rubuta wa rana a littafinta, ta ce in ranar ta zo naƙuda ba ta taso ba, to ta haɗa kayanta ta zo asibiti a tayar mata. Can sai kakar yarinyar, dattijuwar da ta yanke cibiyar yara da dama a layin, ta leƙo ta ce mini, "Malam, kai da kake karance-karance, ashe yanzu har ɗan da ke ciki ma sammaci ake aika masa? Mu a zamaninmu in ya nuna da kansa yake faɗowa." Na ce, "Inna, maganarki da ƙamshin gaskiya, amma ki yi mini uzuri in tsefe ta a natse." Wannan rubutu cika alkawari ne gare ta, domin maganganun da ke yawo a kan wannan mas'ala, daga Dungu har kasuwar Aboabo, gaskiya da shubuha sun cuɗanya a cikinsu, alhali rayuka biyu ne a kan sikeli.

Gaskiyar da ke bakin Inna ita ce mafi yawan ciki ba ya bukatar a taɓa shi. Likitoci suna ƙidaya mako 40, wato kwana 280, daga ranar farko ta hailar ƙarshe, abin da ya kai kimanin wata tara da rabi a lissafin watan sama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar a tayar wa mace mai ƙoshin lafiya naƙuda kafin mako 41 in babu larura ba. Jaririn da aka fito da shi a mako 37 ko 38, ko da yake ba a kiransa bakwaini, ya fi wanda ya kai mako 39 fuskantar wahalar numfashi da rashin kama nono, saboda huhu da ƙwaƙwalwa suna ƙarasa ginuwa a waɗannan kwanaki na ƙarshe. Saboda haka macen da ta ce ta shiga wata tara, ta gaji da nauyi, ko tana so ta sauka kafin salla, ba ta kawo hujja ba.

Amma zancen cewa ciki ba ya wuce wa'adinsa har ya cutar, wannan bai inganta ba. Mabiyiya, wadda ita ce ke ciyar da ɗan tayi, tana shayar da shi iskar da ke cikin jinin uwa, halitta ce mai iyakantaccen zamani, kuma idan ciki ya haura mako 41 sai aikinta ya fara rauni, ruwan da jariri ke kwance a ciki ya ragu, wani lokaci ya yi kashi a ciki ya shaƙa, haɗarin haihuwarsa ba rai ya riƙa hauhawa. A ƙasar Suwidin an yi gwaji a kan mata 2,760, aka tayar wa rabinsu naƙuda a mako 41, aka jira sauran zuwa mako 42. Sai aka dakatar da gwajin a 2018 tun bai kammala ba, domin jarirai shida sun rasu a ɓangaren masu jira, ba a rasa ko ɗaya ba a ɗaya ɓangaren. Na san masu ilimi za su tuna mini cewa fukaha'un mazhabar Malikiyya sun ambaci cikin da ke kwanciya shekara huɗu ko biyar. Lalle sun ambata, kuma maƙasudinsu kare nasabar ɗa da mutuncin uwa a gaban alƙali, bisa labarun da suka iso gare su a zamaninsu. Ba fatawa suka bayar cewa mai ciki ta zauna a ɗaki alhali motsin ɗanta ya ragu ba. Riƙo da sababi bai taɓa warware tawakkali ba, kuma wanda aka haifa ta hanyar magani a ranar da aka ƙaddara masa ya zo.

Akwai kuma halayen da jira a cikinsu ya fi gaggawa haɗari tun mako 41 bai cika ba: hawan jini mai tafe da kumburi da ciwon kai da ganin duhu-duhu, wanda ke kai mace ga jijjiga, kuma maganinsa na haƙiƙa shi ne a raba ta da cikin, fashewar faya ba tare da naƙuda ta biyo baya ba, domin ƙofar da ke tsare jariri daga ƙwayoyin cuta ta buɗe, ciwon suga da ya ƙi daidaita, da jaririn da ya daina girma.

Sai maganar da ta fi kowacce tsoratar da mata, cewa tayar da naƙuda share fage ne kawai ga wuƙar likita. An daɗe ana zaton haka, har a tsakanin likitoci, sai wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018, a kan masu cikin fari fiye da 6,000, ya nuna cewa waɗanda aka tayar wa naƙuda a mako 39 kimanin 19 cikin ɗari aka yi wa aiki, masu jira kuwa kimanin 22 cikin ɗari. Ina kawo wannan don in rushe zargin, ba don in ce kowace mace a Tamale ta nemi a tayar mata a mako 39 ba, saboda an yi gwajin ne a asibitocin da ke da yalwar ma'aikata da na'urori, a kan matan da aka tabbatar da kwanakin cikinsu tun da wuri. Abin da ya tabbata shi ne tayarwar tana iya ɗaukar kwana ɗaya ko biyu idan bakin mahaifa bai yi laushi ba, wani lokaci kuma ta ƙi ci a koma ga aiki. Kuma hoton cikin da aka ɗauka a watanni ukun farko ya fi na ƙarshen ciki faɗin gaskiyar kwanaki nesa ba kusa ba.

Inda ya kamata a tsaya a yi dogon nazari shi ne zancen fashewar mahaifa, domin a nan ne gaskiya ta fi yawa, kuma a nan ne aka fi ɗora laifi inda ba muhallinsa ba. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da ke zuwa ga mabiyiya yakan ragu, sai ta saki sannan jariri ya sami sararawa, kamar mai nutso da ke ɗago kai tsakanin nutso da nutso. Idan murɗawar ta wuce sau biyar a cikin minti goma, ko ta ƙi saki, jariri ya galabaita, mahaifar kuma tana iya tsagewa, musamman ga wadda ta yi haihuwa da yawa, ko aka taɓa yi mata aiki, ko ɗanta ya kwanta a gicciye. Ruwan naƙuda da ake ɗaurawa a asibiti, wanda sinadarinsa oksitosin ne, irin wanda jikin mace ke fitarwa da kansa, kuma aka fara harhaɗa shi a ɗakin bincike a 1953, yana iya jawo wannan idan aka yi sakaci. Amma ɗigo-ɗigo ake sakinsa, ungozoma tana ɗora tafin hannunta a kan ciki tana ƙirga murɗawa da agogo, tana sauraren bugun zuciyar jariri, kuma da ta ga abin ya yi yawa sai ta murɗe makunnin robar, cikin mintuna kaɗan ƙarfinsa ya sauka. Akwai ma hanyar da ba ta da magani ko kaɗan, inda ake sa siririyar roba mai ɗan balo a bakin mahaifa ta buɗe shi sannu a hankali.

To a gwama wannan da kalgutim, jiƙon nan da 'yan'uwanmu Dagomba suka sani tun kaka da kakanni, wanda matan zango ma suka ɗauka, tare da ire-iren maganin zaƙi da man zurma. Ba na cewa kalgutim ba ya aiki. Aikinsa ne ma abin tsoro, domin babu wanda ya san ƙarfin da ke cikin wannan ƙoƙo idan aka kwatanta da wancan, kuma abin da ya wuce maƙogwaro ba shi da makunnin da za a murɗe. Ungozomomin asibitocin wannan yanki sun sha kokawa a kan matan da ake kawo musu da naƙuda mai tsananin da bai dace da buɗewar bakin mahaifa ba. Haka kuma ƙwayar Cytotec da wasu ke samowa a bayan fage: ƙwaya ɗaya maikurogiram 200 ce, alhali abin da likita ke bayarwa don tayar da naƙuda 25 ne a lokaci guda, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma ba a ba wa wadda aka taɓa yi wa aiki ko kaɗan.

Tun daga 2008 gwamnatin Gana ta sa awon ciki da haihuwa cikin inshorar lafiya kyauta, kuma daga Dungu zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale tafiya ce da keken yalo-yalo ke yi ba da wahala ba, don haka nisa ba uzuri ba ne a gare mu kamar yadda yake ga mutanen ƙauyukan Kumbungu da Tolon. Haƙƙin mace ne, da mijinta, su tambayi likita cikin ladabi mene ne dalilin tayarwar, mako nawa ciki ya kai kuma da me aka ƙidaya, wa zai zauna yana duba ta, kuma ko ɗakin tiyata da jini suna nan a shirye in bukata ta taso. Wadda ta riga ta sha wani abu a gida kuwa, ina roƙonta da girman Allah ta faɗa wa ungozoma tun daga bakin ƙofa, ko da za ta sha faɗa, domin idan aka ɗaura mata ruwan naƙuda a kan jiƙon da ba a san da shi ba, an haɗa mata wuta biyu.

Da na koma na karanta wa Inna waɗannan bayanai, ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta sa aka ɗauko littafin awon jikarta, muka ƙirga makonnin tare da yatsa a kan kalanda, muka ga ranar da malamar ta rubuta ta faɗa daidai cikar mako 41. Ta ce, "To Malam, ni zan raka ta, kuma ƙoƙon nan zai zauna a gida."