Dawowar Scooby-Doo: A Sabunta Riga, A Bar Darasin

A ranar 13 ga Satumba, 1969, tashar talabijin ta CBS da ke Amurka ta fara nuna wani shirin katun na yara mai suna Scooby-Doo, Where Are You!, wanda kamfanin Hanna-Barbera ya shirya. Joe Ruby da Ken Spears ne suka ƙirƙiro labarin, Iwao Takamoto kuma ya zana taurarinsa: matasa huɗu, wato Fred da Daphne da Velma da Shaggy, tare da wani ƙaton kare matsoraci mai tsananin kwaɗayi. Fiye da rabin ƙarni ke nan, amma kamfanin Warner Bros., wanda shirin ya koma hannunsa, bai daina yi masa sabon zubi ba, kuma yaranmu ma suna kallonsa ta tashoshin tauraron ɗan'adam. A ganina, akwai abu guda a cikin shirin wanda idan masu sabuntawa suka taɓa shi, to sun kashe shi ko da sunansa yana nan.

Tsarin labarin na asali ba shi da wuyar ganewa. Matasan su isa wani gari a cikin motarsu, su tarar jama'a na gudun wani dodo ko fatalwa da ta addabi wani tsohon gida ko ma'adanar zinariya. Velma ta bi sawu tana tattara alamu, Fred ya ɗana tarko, Shaggy da Scooby su yi ta gudun ceton rai. Daga ƙarshe a kama dodon, a yaye abin da ya rufe fuskarsa, sai ga mutum, kuma sau da yawa wanda aka riga aka gaisa da shi tun farkon labari. Dalilinsa bai wuce son zuciya ba: ya kori mutane don ya mallake fili, ko ya ɓoye kayan sata.

Wannan yayewar fuska ita ce ran shirin. Tana koya wa yaro cewa idan an tsoratar da jama'a, abin da ya kamata a fara tambaya shi ne wa zai ci riba da tsoron. Masanin taurari Carl Sagan, a littafinsa The Demon-Haunted World na 1995, ya ambaci shirin a matsayin misalin irin abin da manya ma suke bukata, inda ake bin diddigin labarin ban al'ajabi har a gano tushensa.

Masu sabuntawa sun bi hanyoyi dabam-dabam. A fim ɗin Scooby-Doo on Zombie Island na 1998, dodannin na gaske ne. Fim ɗin ya samu karɓuwa, amma ya juya darasin baibai, domin mai neman hujja ne ya tashi da kunya. What's New, Scooby-Doo? na 2002 ya koma kan tsohon tsari, ya ƙara wayar salula da kwamfuta.

Wanda na fi jinjina wa shi ne Scooby-Doo! Mystery Incorporated, da aka nuna daga 2010 zuwa 2013 cikin kashi 52. An zaunar da matasan a garinsu, Crystal Cove, inda manyan gari suke cin abinci da labarin fatalwa domin yana jawo masu yawon buɗe ido. Saboda haka ba sa murna idan yara suka tona asirin dodo. A ƙarshen zango na farko, wanda aka samu a bayan fuskar dodo shi ne magajin garin da kansa, mutumin da Fred ya tashi yana kira uba. Ko da yake ƙarshen shirin ya shigo da wata muguwar halitta ta gaske, abin da ban so ba, ya ƙara wa tsohon darasin nauyi: wani lokaci mai riƙe da garin ne yake kiwon tsoron.

Shirin Velma kuwa, wanda ya fito a Janairun 2023 a dandalin HBO Max da muryar Mindy Kaling, an yi shi ne don manya. Babu Scooby a ciki, an cika shi da zubar da jini da baƙar magana, yana kuma yi wa asalinsa ba'a. Masu kallo da yawa sun yi tir da shi, aka dakatar da shi a 2024 bayan zango biyu.

Wani zai ce maimaita labari ɗaya shekara hamsin gajiyar tunani ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ƙi a sauya zane ko zamani ko halayen taurari ba. Sai dai tatsuniyar Gizo ma ba a gajiya da ita don an san zai yi wayo. Kowace shekara ana haifar yaran da ba su taɓa jin ta ba.

Yaran yau suna tasowa ne a zamanin da hoton bogi da jita-jita suke yawo a WhatsApp, 'yan damfara kuma suna karɓe dukiyar mutane da barazanar asiri. Shirin da zai saba musu da tsayawa su bincika kafin su ruga ya fi amfani yanzu fiye da 1969. Shawarata ga iyaye ita ce, idan za ku zaɓa wa yaranku, ku nemi zubin da ake yaye fuskar dodo a ƙarshe, sannan ku tambaye su wace alama ce ta tona asirinsa.