SAUYA WA TSOHUWAR MOTA INJI A AMURKA: SAI AN FARA DUBA LAMBA, SA'AN NAN GIYA

Tun daga 1964, lokacin da kamfanin Pontiac ya fito da motar GTO, masu ƙera motoci a Amurka suka shiga gasar cusa manyan injuna masu silinda takwas cikin motoci matsakaita. Gasar ta kai ƙololuwa a 1970, sa'ad da Chevrolet ya sa wa Chevelle SS injin nan LS6 mai lita 7.4 da ƙarfin doki 450. Daga nan dokar hana gurɓata iska ta 1970, da tsadar inshora, da ƙarancin mai na 1973 suka taru suka karya kasuwar.

Yau waɗanda suka saura sun haura shekara hamsin, kuma duk mai irinta yana fama da tambaya guda: ya gyara tsohon injin, ko ya tumɓuke shi ya dasa na zamani?

Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin injin. Idan ta dace da ta motar, watau da shi ta fito daga masana'anta, to, cire shi ɓarna ce, domin masu tara tsofaffin motoci wannan lamba suke saye. A 2014 an yi gwanjon wata Plymouth Hemi Cuda ƙirar 1971 da injinta na asali a birnin Seattle a kan dala miliyan 3.5. Amma Chevelle gama-gari wadda injinta ya daɗe da ɓata, babu abin da za a yi hasara.

Yawancin masu sauyawa injin LS suke zaɓa, wanda ya fara fitowa a cikin Corvette a 1997. Mai kuɗi yakan sayi sabon LS3 mai lita 6.2 da ƙarfin doki 430, mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya nufi wurin 'yan gwangwan ya ciro mai lita 5.3 daga akori-kurar Silverado. Kada mai karatu ya ga 430 bai kai 450 ba ya ce an ci baya. A 1972 aka sauya hanyar awon, aka koma auna inji da salansa da sauran kayansa a jiki. Sai dai sabon injin ba ya aiki da kafireto, yana bukatar kwamfuta da famfon mai mai tsananin matsi.

A ganinmu, akwatin giya ya fi inji wuyar zaɓe, ga shi kuwa shi ake bari sai ƙarshe. Tsohon akwatin Muncie giya huɗu gare shi, kuma a ta huɗun inji da farfela juyi ɗaya suke yi. Alal misali, motar da aksul ɗinta na baya yake 3.73, da taya mai inci 26, in tana gudun mil 70 a sa'a, injinta yana juyi wajen 3,400 a minti guda, ga ƙara, ga zafi, ga shan mai. In aka sa mata Tremec TKX mai giya biyar, wanda ya fito a 2020, aka zaɓi ta biyar mai 0.68, juyin zai sauko wajen 2,300, ba tare da an taɓa injin ba. Shi ya sa wanda injinsa na asali ne zai iya sauya akwatin kaɗai, ya adana tsohon a gareji saboda ranar sayarwa.

Akwai kuma T56 Magnum mai giya shida, amma yana da kauri, sai an yanke ƙarfen daɓen Chevelle kafin ya zauna, kuma mai saye zai leƙa ƙarƙashi ya ga walda.

Burki ma ba a barinsa yadda yake. Chevelle gama-gari ta 1970 da burkin ganga ta fito a ƙafafu huɗu, kuma ba don doki 430 aka yi shi ba.