Camry SE a titunan Ibadan: Tsakanin kwalliyar mota da lafiyar ƙafarta

Duk wanda ya tashi daga Sabo, unguwar Hausawa da ke Mokola a birnin Ibadan, ya nufi Karamar Hukumar Akinyele, zai ratsa tituna iri-iri cikin abin da bai kai awa ɗaya ba idan babu cunkoso. Akwai kwalta mai santsi, akwai gangara da hawa irin na garin da aka gina a kan tuddai, akwai tudun rage gudu da mazauna unguwa suka yi da kansu ba tare da awo ba, sannan akwai ƙananan hanyoyin da ke shiga kasuwar Shasha da karar shanu, waɗanda tirelolin albasa da tumatir da dabbobi suka daɗe suna tattakawa. Wannan gajeriyar tafiya ta isa ta tona asirin ƙafar kowace mota.

Sabo tsohuwar unguwa ce. Tun 1916 aka keɓe ta ga Hausawa, kuma fataucin goro da shanu ne ya raya ta, kamar yadda masanin nan Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969. A yau canjin kuɗi ya shiga gaba a harkokin unguwar, amma abu ɗaya bai sauya ba: ɗan Sabo mutum ne mai gida biyu. Yana kasuwanci a Badun, kamar yadda dattawa ke kiran garin, amma Sallah ko biki ko rasuwa kan mayar da shi Kano ko Sakkwato ko Katsina. Saboda haka motar da zai saya dole ta iya kai yara makaranta ranar Litinin, ta fita kunya a wurin ɗaurin aure ranar Asabar, ta kuma jure tafiyar kusan kilomita dubu ta Oyo da Ogbomosho da Ilori da Jabba da Mokwa.

Motar da matasan 'yan kasuwa da dama suke ganin ta haɗa waɗannan duka ita ce Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda dillalai ke kira Muscle, musamman samfurin da ke ɗauke da haruffan SE a bayansa. Tana da faɗin da zai ɗauki iyali, tana da baƙin raga a gaba da siket a gefe da ke ba ta kamar motar tsere, kayan gyaranta kuma ba sa wahalar samu. Tambayar da ba a cika yi ba kafin a biya kuɗi ita ce: me haruffan nan biyu suke nufi a ƙarƙashin mota?

Abin da SE ke nufi

Kamfanin Toyota ya ƙera wannan Camry ne da tunanin kasuwar Amurka, inda aka raba ta gida-gida. LE ita ce ta kowa da kowa, XLE ta masu son jin daɗi, SE kuwa ta masu son mota ta riƙe kwana. Injin dai kusan ɗaya ne: mai silinda huɗu, lita 2.4, da ƙarfin doki 158, wanda aka maye gurbinsa da mai lita 2.5 a ƙirar 2010. Sai kuma babban V6 mai lita 3.5 da doki 268. Ainihin bambancin yana ƙafa. An ba SE sifirin mai tauri da shokabzoba mai ƙarfi, an ɗan sauke ta ƙasa, an kuma ɗaure bayan kujerar baya da ƙarfe don gangar jikin ta rage murɗewa. Wannan ƙarfen ne dalilin da ya sa kujerar bayan SE ba ta kwantawa, abin da mai niyyar ɗauko dogon kaya ba ya ganowa sai ranar da ya buƙata.

Sai taya. LE tana zuwa da rim mai inci 16 da taya 215/60, SE kuma da inci 17 da taya 215/55. Lambar farko faɗin taya ce a milimita, ta biyun kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin. Idan aka yi lissafi, gefen tayar LE ya kai milimita 129, na SE kuwa kimanin 118. Santimita ɗaya ce tsakani, amma wannan robar da iskar da ke cikinta su ne matashin farko da ke karɓar duka kafin ya isa ga sifirin. A babban titin Legas zuwa Ibadan da aka sabunta, ko a hanyar Moniya zuwa Iseyin mai kilomita 65 da gwamnatin Seyi Makinde ta buɗe a 2021, direban SE zai ji motarsa ta lafe a ƙasa, sitiyari na amsa masa nan take. Da ya sauka daga kwalta ya shiga gargada, kowane dutse sai ya gaisa da ƙugunsa.

Wannan ba aibi ba ne, zaɓi ne da injiniyoyi suka yi don wata ƙasa mai wasu tituna. Aibin yana farawa ne daga gyaran da ake yi wa motar bayan ta iso.

Na farko shi ne ƙarin girman rim. Matashi zai cire inci 17 ya ɗora 18 ko 19 don ado. Tunda ramin taya bai ƙaru ba, dole gefen taya ya ragu: 225/45 a kan inci 18 yana barin kimanin milimita 101, 235/40 a kan inci 19 kuma 94 kacal. Rami ɗaya mai kaifin baki a tsakanin Oyo da Ogbomosho, inda aikin tagwayen hanya ya shafe sama da shekara goma ana jan sa, ya isa ya matse irin wannan taya har ta kumbura a gefe ko rim ɗin ya lanƙwashe. Taya mai kumburi kuwa alƙawarin fashewa ce, ranar kawai ba a sani ba. Masu faci ma suna ƙara wa wutar fetur, domin da yawansu kan ɗura iska har awo 40 ko 50, alhali takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ta nuna abin da bai wuce talatin da 'yan kai ba. Mai mota zai yi ta zargin shokabzoba, matsalar kuwa naira kaɗan ce a bakin titi.

Na biyu shi ne ɗaga mota. Tazarar cikin wannan Camry da ƙasa ba ta kai santimita 15 ba, don haka da an cika ta da mutane sai salansa ta fara gogar tudun rage gudu. Maganin da aka saba shi ne a cusa zoben roba ko na ƙarfe a saman sifirin. Idan ɗagawar kaɗan ce, santimita biyu ko ƙasa da haka, kuma an yi ta daidai a ƙafafu huɗu, motar za ta iya ɗauka. Amma ana wuce gona da iri. Mota ta yi tsayi kamar zakara, sandunan da ke juya tayoyin gaba su koma aiki a karkace, robobinsu su yage da wuri, tayoyi su riƙa cinyewa ta gefe ɗaya, shokabzoba kuma ya miƙe har ƙarshensa yana bugawa a kowane rami. Mafi muni, nauyin motar ya hau sama, ta fara tangaɗi a kwana. Wato an biya ƙarin kuɗi an sayi SE saboda riƙon hanya, sannan an sake biyan bakanike ya kashe wannan riƙon. A tuna kuma cewa na'urar da ke hana mota sulɓewa ba ta zama dole a kowace Camry ba sai daga ƙirar 2010. A na 2007 zuwa 2009, wata na da ita, wata babu.

Sau da yawa ma ba gajarta ce ke damun motar ba, lodi ne. Takardar jikin ƙofa ta ƙayyade nauyin mutane da kaya a kimanin kilo 400. Manya biyar masu kilo 70 kowanne sun cinye 350. Abin da ya rage buhun shinkafa ɗaya ne. Amma motar da za ta tafi gida Sallah takan ɗauki jarkokin manja da buhun gari da doya da huhun goro da akwatunan uwargida, har but ya ƙi rufuwa sai da igiya. Sifirin da ya yi irin wannan tafiya sau uku ko huɗu ba ya komawa tsayinsa na asali.

Kasuwar kayan ƙafa

A Ibadan, mai neman kayan gyara yakan nufi kasuwar Agodi Gate, ko ya aika Ladipo a Legas; idan tafiya ta kai shi Kano, Ƙofar Ruwa. A duk wuraren nan zaɓi uku ne a gabansa: sabo na kamfani sananne irin su KYB ko Monroe ko Sachs, sabo marar asali a cikin kwali mai kyau, ko kuma na hannu da aka ciro daga motocin Turai da Amurka, wanda ake kira ɗan Baljiyam.

Kanikawa da yawa sun fi amincewa da ɗan Baljiyam, kuma suna da hujja, domin jabu ya yi yawa har sabo ya zama abin tsoro. Ga ƙarfe irin hannun ƙafa ko sifirin, wannan shawara tana da ma'ana. Ga shokabzoba kuwa da sauran magana. Shi ba ƙarfe ba ne kawai. Bututu ne mai ɗauke da mai da iskar gas, aikinsa shi ne ya tilasta man bi ta ƙananan ƙofofi don ya kashe rawar sifirin. Da tafiya ta yi tafiya man yakan sire, ƙofofin su saki, ba tare da an ga alama a waje ba. Masu ƙera shi kansu suna ba da shawarar a duba shi bayan kimanin kilomita dubu 80. To wanda aka ciro daga motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo a Texas, saura nawa a rayuwarsa? Matsa shi da hannu a bakin shago, kamar yadda ake yi, ba ya nuna komai sai cewa bai mutu murus ba. Akwai kuma masu huda tsoho su sake ɗura masa mai su toshe, su fesa baƙin fenti. Wannan yakan yi mako biyu yana faranta rai.

Abin da ya sa batun ya wuce jin daɗin zama shi ne birki. Tayar da ke tsalle ba ta taka ƙasa, tayar da ba ta taka ƙasa kuwa ba ta tsayar da mota. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta, cikin ruwan Ibadan da kan sauko kamar da bakin ƙwarya, mataccen shokabzoba yana ƙara tsawon tazarar tsayawa, kuma a hanyar Jabba zuwa Mokwa abin da ke gaba galibi tirela ce.

Gyaran da ya fi biyan kuɗinsa, saboda haka, ba shi da ban sha'awa ko kaɗan. A sauya shokabzoba biyu-biyu, na gaba tare ko na baya tare, haɗe da kan da yake zama a ciki. A sauya bushin da ƙananan sandunan da ke ƙara a gargada da na roba na ainihi, ba wanda aka yanko daga tsohuwar tayar tirela ba, domin wannan ba ya lanƙwasa, sai ya miƙa dukan ga ƙarfen da ke kusa. A ɗaure kusoshin bushin bayan an sauke mota ta zauna da nauyinta, ba tana rataye a jak ba. Wannan ƙaramin abu ne da gaggawa ke sa a tsallake, kuma shi ke sa sabon bushin ya yage cikin wata uku. A kai ta saitin ƙafa daga ƙarshe. Mai SE mai silinda huɗu da ya gaji da jijjiga yana iya komawa rim ɗin LE mai inci 16, tunda dukan da'irar tayoyin biyu kusan ɗaya ce, agogon gudu ba zai rikice ba. Motar za ta rage kyau a idon abokai, tsohuwa kuma za ta isa Funtuwa ba ta riƙe da baya ba.

Wanda ke kwatanta ta da abokiyar hamayyarta, Honda Accord ta 2003 zuwa 2005 da ake kira End of Discussion, zai tarar da wani ciniki daban. Ƙafar gaban Accord mai hannu biyu ce, sama da ƙasa, ta fi ta Camry daɗin sarrafawa, amma ta yi suna a Najeriya wajen cirewar mahaɗin ƙasa idan aka yi sakaci da shi, taya ta kwanta a tsakiyar titi. Honda da kanta ta koma tsarin da ya yi kama da na Camry a ƙirar 2013.

Sai maganar daraja. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya har dala ta haura naira 1,500 a 2024, lissafin mota ya sauya gaba ɗaya, kuma babu wanda ya riga 'yan canjin Sabo sanin haka. Kuɗin fito ya bi dala, tokumbo ta yi tsada, motar da aka yi amfani da ita a gida ta samu kasuwar da ba ta taɓa samu ba. V6 da a da ake alfahari da ita ta zama mai wuyar sayarwa saboda shan mai. A irin wannan kasuwa, dillali zai ɗora wani abu a kan farashi saboda haruffan SE, amma mai saye da ya san abin da yake yi ba bamba yake kallo ba. Yana durƙusawa ya duba ko shokabzoba na tsiyayar mai, ya shafa taya ya ji ko ta cinye tudu-tudu, ya leƙa ƙasa ya nemi tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara, ya kuma nemi alamar walda, domin da yawa daga cikin motocin nan daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari aka sayo su. Yana karanta lambobi huɗun da ke gefen taya, mako da shekarar da aka yi ta, tunda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar taya a matsayin wadda ta ƙare bayan shekara huɗu. Idan injin mai lita 2.4 ne, yana zaro sandar baƙin mai, saboda an san wasu daga cikinsu da shan sa.

Manyan rim da aka kashe dubban ɗaruruwa a kansu ba sa dawo da ko rabin kuɗinsu ranar sayarwa, motar da aka ɗaga fiye da kima kuma takan sa mai saye ya fara tambayar me aka yi ta ɗauka da ita. Rasit ɗin sabon shokabzoba da na saitin ƙafa, idan mai mota ya adana su a aljihun gaba, sukan rage tsawon ciniki.