Madarunfa: Kyamara ta shiga hannun kowa, saura karatun hoto

Garin Madarunfa, da ke kimanin kilomita 20 kudu da birnin Maraɗi, an fi saninsa da tafkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99 da mutanen yankin ke cewa suna kwance a kewayensa. Tun shekarar 2006 Nijar ta saka tafkin da gandun dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take fatan hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya.

Sai dai ɗan Madarunfa da ke ci-rani a Legas ko Abidjan ko Aljeriya, idan bidiyon gida ya faɗo masa a WhatsApp, sau da yawa gabansa ne ke fara faɗuwa kafin ya buɗe. Gundumar ta yi iyaka da jihar Katsina, kuma tun daga 2019 jihar Maraɗi ta karɓi dubun-dubatar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Satar shanu da garkuwa da mutane sun tsallako iyaka. Tare da su kuma hotuna sun yawaita: gawa a buɗe, uwa tana kururuwa, wanda aka sako daga daji an dasa masa waya a fuska tun bai sha ruwa ba.

Masu ɗaukar irin waɗannan hotuna galibinsu matasa ne, kuma da yawansu da kyakkyawar niyya suke yi, so suke duniya ta san halin da ake ciki. Abin da babu wanda ya zaunar da su ya koya musu shi ne yadda hoto yake aiki a idon mutum da zuciyarsa. Wannan fanni ne da ake karantawa, kuma Nijar tana da daɗaɗɗen tarihi a cikinsa, ko da yake 'yan zamanin TikTok kaɗan ne suka san shi.

A ɗauki Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015. Bakanike ne tun farko. Yana yaro ya riƙa yanka siffofi yana haska su da fitila, inuwarsu tana faɗawa jikin allo, jama'a suna kallo. Daga baya ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro ilimin fim ɗin zane a wajen Norman McLaren. A 1962 ya fitar da "Aouré", wato aure, a 1966 kuma ya yi "Bon Voyage Sim", gajeren fim na zane wanda kwaɗi ne 'yan wasansa: shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da faretin soja da jerin gwano. Shekara shida kacal da samun 'yancin kai, ga wani yana yi wa sababbin shugabanni shaguɓe da kwaɗo, kuma babu wanda zai ce ga sunan da aka kama.

Aikin Alassane ya nuna cewa sanin inji da sanin mutane tafiyarsu ɗaya. Fim ɗin zane lissafi ne: ana jera hotuna tsayayyu, a sinima guda 24 cikin daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwar mai kallo ce ke haɗa su ta ga motsi. Wanda ya zana su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa ya san cewa babu hoton da ke zuwa haka kawai, kowanne zaɓarsa aka yi. Ya shafe shekaru da dama a Tawa yana wannan aiki, har ya rungumi kwamfuta a shekarunsa na tsufa.

Ita kanta kyamarar tana da asali da ya kamata ɗalibin Maraɗi ya sani. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin ɗaki, wato ɗaki mai duhu da haske ke shiga ta ƙaramar huda ya zana hoton waje a juye. Masanin da ya yi wa wannan bayani na gwaji tun ƙarni na 11 shi ne Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, a littafinsa "Kitab al-Manazir". Ɗakin ne aka matse har ya shige bayan wayar Tecno.

Inda maganar ta fi zafi shi ne tambayar wa ke da ikon nuna wa. Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin "Les Maîtres fous" a Ankara ta ƙasar Ghana a tsakiyar shekarun 1950, a kan 'yan ci-ranin Nijar masu borin Hauka, waɗanda iskokinsu ke kwaikwayon gwamna da sojojin mulkin mallaka. Da aka fara nuna shi a Faris, 'yan Afirka da ke zauren sun fusata, suna ganin an tozarta su, hukumomin Ingila kuma suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka. Daga baya Ousmane Sembène na Senegal ya zargi Rouch da kallon 'yan Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari. Har yau ana muhawara a kan fim ɗin a jami'o'i, domin abin da ya nuna ya faru da gaske, amma hakan bai kashe tambayar ko an kyauta wa mutanen da ke ciki ba.

Oumarou Ganda, wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna "Moi, un noir" a 1958 lokacin yana dako a tashar jiragen ruwan Abidjan, ya ba da tasa amsar a aikace. Ya riƙe kyamara da kansa, ya yi "Cabascabo" a kan tsohon sojan da ya dawo daga yaƙin Indocina abokai suka cinye masa kuɗi, labarin da ya san ɗacinsa domin shi ma ya je yaƙin. A 1972 fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu, karo na farko da aka bayar da ita. Yau kyamarar tana hannun ɗan gida, amma ɗan gida ma yana iya kallon maƙwabcinsa kamar ƙwaro idan abin da yake nema yawan masu kallo ne.

Akwai wani gwaji da duk ɗalibin fim ke cin karo da shi a shekarar farko. Kimanin shekara 100 da ta wuce, Lev Kuleshov na Rasha ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, ya jera shi sau ɗaya da kwanon miya, sau ɗaya da gawa a akwati, sau ɗaya da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta canza ba. A yankin da manoma da makiyaya ke zaune kafaɗa da kafaɗa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. A ɗauki hoton makiyayi yana kora shanunsa, a liƙa masa hoton rumbun da aka ƙona, a ɗora murya mai kuka a kai, an riga an yanke masa hukunci ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya da baki ba. Manhajar CapCut tana yin wannan cikin minti biyu, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke iya ƙera murya da fuska. Wanda ya san gwajin Kuleshov yakan tsaya ya tambayi abin da aka yanke kafin ya tura wa wani.

Hanyar karatun tana nan, kuma waɗanda suka bi ta ba daga sama suka faɗo ba. Aïcha Macky 'yar Damagaram ilimin zamantakewa ta fara karantawa, sannan ta yi karatun fim a makarantar IFTIC ta Yamai da jami'ar Gaston Berger ta Senegal. Fim ɗinta na 2016, "L'arbre sans fruit", ya taɓo ciwon matan da ba su samu haihuwa ba, na 2021 kuma, "Zinder", ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da matasan da gari ke tsoro har suka yarda suka yi magana. Sani Magori ɗan Galmi injiniyan noma ne kafin ya zama mai fim. Ya fara da labarin albasa da aure a garinsu, sannan a "Koukan Kourcia" ya ɗauki tsohuwar zabiya Husai, wadda waƙarta ta taɓa zuga samari suka tafi ci-rani, ya kai ta har Abidjan domin ta kira mahaifinsa gida da muryar da ta kore shi. Da Hausa aka yi fim ɗin, kuma da wuya ɗan ci-rani ya kalle shi bai tuna nasa gidan ba.

Matashin Madarunfa ya taso da finafinan Kannywood da na Indiya, ya san inda ake saka waƙa da inda ake matso da kyamara kusa da hawaye. Abin da ya rage masa shi ne inda zai zauna a warware masa dalilin hakan. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da likitanci, irin tushen da Magori ya fito daga ciki, kuma bai kamata ya gagara ba a haɗa ɗalibanta da gidajen rediyon al'umma da masu ɗaukar bidiyon biki a yi ko da bita ce ta mako biyu. A Kano, jami'ar Bayero ta daɗe tana nazarin finafinan Hausa, inda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kansu. Daga Madarunfa ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, Kanon ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba.